Kafin ka mayar da saman silin ɗakin yara, auna waɗannan abubuwa

Yau za mu leƙa ’yan uwanmu mazauna Kudu ne, musamman na unguwar Ogbete da ke Inugu da takwarorinsu na Anacha da Fatakwal, a kan wata matsala da kusan duk mai iyali a can ya sani: yara sun girma, ɗaki bai girma ba.

Wataƙila kai ma kana ciki. Ka kama ciki da falo kana ango, yau ’ya’yanka biyar, babbar ta fara zama budurwa, ga ƙanenka da ya zo daga gida koyon kasuwa. Tsakar gidan na kowa da kowa ne, babu inda za a ja katanga a fitar da ɗaki. Wata rana kafinta ya zo gyaran yoyo, ya buɗe ƙofar silin, ka leƙa ka ga fili tsakanin silin da kwano, sai zuciya ta ce maka: a shimfiɗa katako, a kafa tsani, samari sun samu wurin kwana.

Tunanin ba laifi ba ne. Addini ya umarce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, kuma aya ta 58 a Suratun Nur ta koyar da yara neman izini kafin su shiga wurin iyayensu a lokuta uku na yini. Ta fuskar lafiya ma, Hukumar Kula da Matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar gida a matsayin mai cunkoso idan fiye da mutum uku na kwana a ɗaki guda, kuma cunkoso na taimaka wa tarin fuka da ƙyanda da ƙazuwa wajen yaɗuwa. Don haka neman ƙarin wuri neman lafiya ne. Sai dai filin da ka gani a saman silin ba zai zama ɗaki ba sai ka samu amsar tambayoyi uku: zai ɗauki nauyin mutane? Za a iya numfashi a cikinsa dare da rana? In gobara ta tashi, ta ina yaron zai fita?

Gidan Kudu ba soron Arewa ba ne

Bahaushe bai baƙunci hawa sama ba. A Kano da Zariya da Katsina magina sun daɗe suna ɗora bene a kan soro, kuma da bazara mutane kan hau saman soro su sha iska. Amma magini yakan san da benen tun ranar da ya haƙa tushe. Yakan kaurara katangar ƙasa, ta riƙa sirancewa tana hawa, ya jera azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, ya ɗora ƙasa mai kauri da ke tare zafin rana. Tun ran gini, tun ran zane.

Gidajen da mutanenmu suke haya a Ogbete labarinsu daban ne. Inugu gari ne da ya tashi a kan haƙar kwal, wanda aka gano a tsaunukan Udi a 1909, jirgin ƙasa kuma ya haɗa garin da Fatakwal a 1916. Ogbete na cikin tsofaffin unguwannin da aka zaunar da leburorin ma’adinin, shi ya sa har yau ake kiran yankin Coal Camp. Mutanen Arewa sun daɗe a garin, har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yawancin tsofaffin gidajen irin wannan unguwa jerin ɗakuna ne na ƙasa, masu rufin kwano mara tudu sosai, waɗanda ba a gina su da niyyar ɗora wani abu a kai ba.

Yanayin ma ba ɗaya ba ne. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, wato ninki biyu na abin da Kano ke samu ko fiye, kuma ƙasarta a wurare da yawa mai laushi ce, ruwa na kusa. Inugu na fama da gangara da zaizayar ƙasa. Gefen Anacha da ke bakin Kogin Kwara ya sha ambaliya a 2012 da 2022. Katakon da ya shekara 30 yana shan laima da yoyo, da ƙusar da ta yi tsatsa, da tushen da ruwa ya ci gindinsa, duk ba a gane halinsu daga tsakar ɗaki.

Tambaya ta farko: zai ɗauki nauyi?

Sandunan da ke riƙe da silin, waɗanda kafintoci ke kira tu-bai-tu, an sa su ne don su ɗauki allon silin kawai. Shi ya sa kafinta in ya shiga sama yake bin manyan katakai a hankali, don ya san in ya taka gefe sai ya faɗo tsakar ɗaki. Daɓen ɗakin kwana kuwa, a ƙa’idar da injiniyoyi suke aiki da ita, ana so kowace murabba’in mita ta iya ɗaukar aƙalla kilo 150 na mutane da kaya. A ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, wannan ya kai tan biyu, nauyin buhun siminti 40 ke nan. Ka tambayi kanka ko za ka yarda a jibge buhu 40 a saman inda jaririnka yake barci, a kan sandunan da kake gani.

Idan katako za a yi, sai an kawo sababbin katakai masu kauri, waɗanda aka shafa wa maganin gara, a ɗora su a kan katangar da ke ɗaukar nauyi, ba a kan sandunan silin ba. Kada kuma ka bari kafinta ya yanke katakan da suka gitta a cikin rufin don a samu fili. Kowane ɗaya yana tokare da ɗan uwansa, kuma rufin da aka rage wa tokara shi ne wanda iskar farkon damina take fara yayewa.

Wasu kuma sukan ce a yaye kwanon baki ɗaya a zuba dakin. A nan lissafin ya fi nauyi. Kankare mai kaurin inci shida a kan ɗaki irin wancan ya kusa tan biyar, kamar buhun siminti 100, kafin a ɗora bulon katangar sama da rufi da mutane. In aka ƙara tankin ruwa mai lita 1,000, an ƙara tan guda. Gidan da aka gina da bulo inci shida, babu ginshiƙai, tushensa kuma na ɗakin ƙasa ne, ba zai ɗauki wannan ba, ko da ya yi shiru a shekarar farko. Masaukin baƙi na cocin Synagogue da ya rufta a Legas ranar 12 ga Satumba, 2014, ya hallaka fiye da mutum 100, kuma ana cikin ƙara masa hawa ne abin ya faru. A Ita Faji da ke tsibirin Legas ma, a watan Maris na 2019, wani bene mai makarantar yara a samansa ya rufta da ɗalibai a ciki. Ginin da ya fi ƙarfin tushensa ba ya tambayar ko babba ne ko ƙarami.

Abin yi shi ne ka nemi injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN ya zo ya gani da idonsa. Zai haƙa gefen tushe ya auna zurfinsa da faɗinsa, ya duba bulo, ya duba katakan rufi. Birkila da kafinta gwanaye ne a aikinsu, amma lissafin nauyi ba nasu ba ne. Kuɗin injiniya ba zai kai kuɗin buhunan simintin da za ka saya ba, kuma in ya ce ginin ba zai ɗauka ba, ya cece ka daga asara biyu. Idan tun yanzu kana ganin tsagewa a katanga da ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace, ko ƙofa ta fara cijewa, ko daɓe ya lotsa a gefe guda, to ginin da kansa ya riga ya ba ka amsa.

In an zuba dakin, a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, kada a cire katakan tokara da gaggawa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa.

Ka kuma auna tsayi. A Ingila, inda mayar da saman gida ɗaki ya zama ruwan dare, magina ba su cika taɓa rufin da tsakiyarsa bai kai mita 2.2 ba, wato ƙafa bakwai da ’yan kai, ga shi kuma ƙasarsu ta sanyi ce. A ƙasar zafi ƙafa takwas ya fi dacewa. Wurin da babba ba zai miƙe tsaye ba, ma’ajiyar kaya ce.

Abin da ke kwance a saman silin

Kafin a fara aiki akwai haɗarin da ke jiran wanda zai fara shiga. Na farko shi ne silin ɗin kansa. Gidaje da yawa da aka gina daga shekarun 1960 zuwa 1990 an yi musu silin ko rufi da allon asbesto, wannan farin allo mai tauri da ke karyewa kamar faranti. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Idan aka fasa shi, ko aka yanka da zarto, ko aka huda, sai ya saki ƙura mai siraran zaruruwa da ido ba ya gani. Suna maƙalewa a huhu, kuma suna haddasa sankarar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da shi. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 40. Ma’ana, yaron da ya tsaya kallon kafinta yana fasa silin yau, shi ne zai iya biyan bashin yana magidanci.

Idan dole a cire shi, a fitar da iyali daga gidan, a kwashe abinci da kayan sawa da katifu. A jiƙa allon da ruwa, a zare ƙusoshin a sauke shi ɗungurungum ba tare da an fasa ba, a naɗe a leda mai kauri. Masu aikin su sa takunkumi na musamman mai tace ƙura, don ƙyallen rufe hanci na yau da kullum ba ya tare wannan. A goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya. Uwargida, kada ki karɓi ɓaraguzan ki yi murfin tukunya ko ki dafa wani abu a kai, kada kuma yara su mayar da su allon wasa.

Na biyu shi ne kashin ɓera da fitsarinsa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ta wannan hanya yake kama mutum, ko ta abincin da ya gurɓata ko ta shaƙar ƙurar. Jihar Ebonyi, maƙwabciyar Inugu, na cikin jihohin da cutar ta fi addaba, kuma ta fi tashi da rani. Ba kowane ɓera ne ke ɗauke da ita ba, amma ba a gane mai ita da ido. Kashin jemage da ya taru shi ma yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai kama huhu, wadda alamominta kan yi kama da na tarin fuka. Don haka kada a tura yaro ya share saman silin don shi ne mara nauyi. Babba ya shiga da safar hannu da takunkumi, ya fesa ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa, ya bar shi ya jiƙa minti biyar, sannan ya kwashe. Duk wanda ya yi wannan aiki ya kama zazzaɓi a cikin mako uku, musamman wanda maganin maleriya bai saukar ba, a kai shi asibiti a kuma gaya wa likita aikin da ya yi. Layin Hukumar NCDC na kyauta shi ne 6232.

Tambaya ta biyu: zafi da iska

Ka sa hannu a kan kwano da azahar ka ji. Kwanon da rana ta buga zafinsa kan wuce digiri 60, kuma filin da kake son mayarwa ɗaki shi ne yake tare wannan zafi kada ya sauko muku. Duk wanda ka kwantar a can, ka sa shi a cikin abin da yake kare ku.

Mu ’yan Arewa mukan raina zafin Kudu saboda ma’auni ba ya kai na Sakkwato ko Maiduguri. Bambancin shi ne laima. Jiki yana huce kansa ne idan gumi ya bushe a fata. A busasshiyar iskar Arewa gumi na bushewa nan take, a Fatakwal kuwa sai ya yi ta zuba ba ya bushewa, jiki na asarar ruwa, zafin kuma yana nan. Waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne jarirai da tsofaffi da masu juna biyu da masu hawan jini ko ciwon ƙoda, sai masu ciwon sikila, waɗanda ƙarancin ruwa a jiki kan tayar musu da ciwo. Irin waɗannan kada a sa su a ɗakin sama mai rufin kwano ko da an gyara shi. Yaron da ya kwana cikin zafi kuma barcinsa ba ya nauyi, gobe a aji sai gyangyaɗi.

Idan kika ga yaro ya sauko yana jiri da ciwon kai da amai, ki kai shi inuwa, ki rage masa tufafi, ki shafe shi da ruwa, ki ba shi ruwan gishiri da sukari. Idan ya fara sambatu ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, ki ci gaba da zuba masa ruwa kuna hanyar asibiti, kada a ɗura masa komai a baki.

Ana iya rage zafin. A shimfiɗa takardar alminiyom mai mayar da zafi a ƙarƙashin kwano, a bar tazarar iska tsakaninta da sabon silin. A shafa wa kwanon farin fenti ta waje. A buɗe kafofin iska a can ƙololuwar bango ta ɓangarori biyu, don iska mai zafi sama take hawa, in ba ta samu mafita ba sai ta zauna. Tagogi su zama biyu masu fuskantar juna, faɗinsu gaba ɗaya ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen, kowace da ragar sauro. Kada ka dogara da fanka kaɗai, ka san halin wutar lantarkinmu. Ka gwada ɗakin da kanka: ka kwana a ciki dare biyu a watan Maris ba tare da fanka ba. In ba ka iya ba, yaro ma ba zai iya ba, sai dai shi kunya da tsoro za su hana shi faɗa.

Akwai kuma hayaƙin janareto. A gidan haya kowa da nasa, kuma an saba ajiye su a baranda ko lungu, a ƙarƙashin inda sabuwar tagar za ta buɗe. Hayaƙin na ɗauke da iskar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa. An sha wayar gari a ga iyali guda sun rasu a ɗaki, a yi ta zargin guba ko iska, alhali janareto ne. A ajiye shi a fili, nesa da kowace taga da ƙofa da kamar ƙafa 20, bakin hayaƙin ya juya wa gida baya. Haka gawayin da ake shiga da shi ɗaki da turaren wuta a rufaffen wuri. Mazauna Fatakwal kuma, inda baƙin toka ya addabi gari tun ƙarshen 2016, su riƙa goge raga da daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, musamman in akwai mai asma.

Tambaya ta uku: ta ina za a fita?

Wuta da hayaƙi sama suke nufa. Idan gobara ta tashi a ƙasa, ramin matakala shi ne bututun da hayaƙi zai bi, kuma shi ne hanyar da yaran za su sauko. Ɗakin da ke da mafita ɗaya tak, tagarsa kuma an walde ta da ƙarfe saboda ɓarayi, tarko ne. A sa wa ƙarfen taga ɗaya ƙofa mai buɗewa ta ciki, a rataye makullin a ƙusa kusa da ita inda yaro zai laluba ya samu a cikin duhu, a kuma nuna musu yadda za su sauka. Kada a taɓa kulle yara ta waje da dare.

Wayoyin da ke saman silin sukan zama tsofaffi, an yi musu ɗori da salatif, ɓera ya ci bayansu. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya sake su, ya zura su a cikin bututu, ya sa wa ɗakin abin katse wuta nasa. Silin ɗin roba yana da araha da kyan gani, amma in ya kama wuta narkewa yake yi yana ɗiga, hayaƙinsa kuma guba ne. Ƙarƙashin matakala ba wurin risho ko tukunyar gas ko jarkar fetur ba ne. Ƙaramar na’urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi, mai aiki da batir, ana samunta a shagunan kayan wuta, a manna ɗaya a saman matakala. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Wannan gargaɗi ya shafi ’yan kasuwarmu da ke yin rumfar katako a saman shago, kaya a gefe, yaran shago a gefe, a ja ƙofar ƙarfe a datse da kwaɗo. Alhaji, waɗannan yara amana ce iyayensu suka ba ka. Kayan da gobara ta ci ana mayar da su.

Ita kanta matakalar a yi ta sosai. Tsani na mai gyara ne, bai dace da yaron da zai sauko fitsari da tsakar dare idonsa a rufe ba. Tsayin kowane taki kada ya wuce inci bakwai da rabi, faɗinsa ya kai inci 10, kuma duk su zama daidai da juna, don taki ɗaya da ya bambanta shi ke kayar da mutum. A sa abin dafawa mai tsayin ƙafa uku, tazarar sandunansa kada ta kai inci huɗu, don kan ƙaramin yaro na iya shiga. In akwai mai rarrafe a gidan, a sa ’yar ƙofa a sama da ƙasa.

Mai gida, hukuma da maƙwabci

Yawancinmu a Kudu haya muke yi. A dokar ƙasa, duk abin da aka gina ya manne da gida na mai gidan ne. Za ka iya kashe kuɗin shekara biyu ka fitar da ɗaki, wa’adi ya cika a ƙara maka haya saboda gidan ya ƙaru, ko a ba ka takardar tashi. Don haka magana ta baki ba ta isa ba, komai daɗin zamanku. A rubuta: wa zai biya, nawa za a riƙa cirewa daga haya, shekara nawa ba za a tashe ka ba, me zai faru idan aka sayar da gidan. Lauya ya duba, shaidu su sa hannu ta ɓangarorin biyu, kuma yana da kyau shugabannin al’ummarmu na garin su sani. In gidan gado ne, ka tabbatar wanda ya sa hannu yana da ikon yin haka a madadin sauran magada.

Ƙara hawa ko canza rufi na buƙatar izinin hukuma. A cikin birnin Inugu aikin Hukumar ECTDA ne, a Anacha da Fatakwal kuma hukumomin tsara birane na jihohinsu. Ginin da ba shi da takarda ana iya shafa masa jan fenti a rushe, kuma baƙo ne ya fi kowa rasa mai tsaya masa.

Ka kuma tuna da haƙƙin maƙwabci. Malaman fiƙihunmu sun daɗe da hana buɗe tagar da ke leƙa tsakar gidan wani. Ko Musulmi ne ko Ibo mai gari, ka ɗaga tagar sama da tsayin ido ko ka juya ta, ka kuma lura kada ruwan sabon rufinka ya zuba a bangonsa. Zaman lafiyar shekara da shekaru ya fi ɗaki guda.

In amsar ta zama a’a

Idan injiniya ya ce ba zai yiwu ba, ko tsayin bai kai ba, ko mai gida ya ƙi rubutawa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Akwai hanyoyin da ba su kai wannan tsada ba. A ƙarfafa wani ɓangare na saman silin da ’yan katakai a kan katanga, a mayar da shi ma’ajiyar kaya marasa nauyi, kamar akwatunan tufafi da tabarmi da kwanukan biki, ban da hatsi, don kada a gayyato ɓera. Wurin da kayan suka bari a ƙasa sau da yawa ya isa gado. A raba falo da allon katako wanda bai kai silin ba, don iska ta riƙa wucewa, ’yan mata su samu gefensu. A yi gado mai hawa biyu mai shinge, amma yaron da bai kai shekara shida ba kada ya kwana a sama. Magidanta biyu ko uku kuma suna iya haɗa kuɗi su kama wa samarinsu ɗaki guda a cikin gidan ko kusa, inda ido zai riƙa kaiwa gare su.

Uwargida, ke ce kika fi sanin wane yaro ne ke tafiya cikin barci, wane ne mai asma, wane ne ke tashi fitsari sau biyu. Kada a gama shawara da kafinta ba a ji ta bakinki ba. Maigida, kafin ka sayi katako ko ɗaya, ka kira injiniya, ka zauna da mai gida da takarda, ka hau ka kwana a wurin da kanka.

Allah Ya yalwata mana muhalli, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, Ya kare mu daga gobara da ruftawar gini. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.